Yadda Masu Jinya Ke Raba Sa'o'insu Lokacin Annoba

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna biranen Kudu



Cutar korona ta shigo Nijeriya ta Legas ran 27 ga Fabrairu, 2020, kafin Afrilu ya ƙare kuwa ta isa Gombe. Aka keɓe wuraren killace masu ita, har da na Kwadon, bisa hanyar Biu. Cikin watan Mayu majinyatan Kwadon suka fito kan titi suna kukan ba a kula da su. Darasin da ke nan shi ne, gado da magani ba su yin jinya sai da hannun mutum, hannun nan kuwa sa'o'insa ƙidayayyu ne.

Mu dubi sashen kulawa ta musamman, irin wanda manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe suke da shi. Bisa ƙa'ida, wanda na'ura ke taya shi numfashi nas guda ake ba shi. Aiki kashi uku ne, watau safe, rana da dare. Kowane kashi yana farawa da miƙa aiki, mai tashi ya bayyana wa mai karɓa halin kowane majinyaci. Sa'an nan kowace sa'a a rubuta bugun zuciya, hawan jini da yawan iskar oksijin cikin jini. Kusan kowace sa'a 2 a juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo.

Annoba kan dagula wannan lissafi. Sa kayan kariya da tuɓe su cikin tsanaki aiki ne mai cin lokaci, wanda ya sa su kuwa ba ci, ba sha, ba zagayawa, ga zafin bazara. Saboda haka nas yakan tara ayyukansa, magani, wanka da awo, ya yi su a shiga guda. Wanda huhunsa ya yi tsanani akan kifa shi rub-da-ciki har sa'a 16, kifawar kuwa sai mutum kamar 5 sun haɗu, kowa ya bar nasa gadon. In nas guda ya kamu, nauyinsa kan sauran yake faɗawa.

To, mene ne namu, mu da muke nesa da gida? Na farko, in namu yana kwance, dangi su wakilta mutum guda mai tambayar labari, gama kowace waya minti ne aka cire daga bakin gado. Na biyu, kada mai zazzaɓi ya hau mota ya kai wa tsofaffi tsaraba mara daɗi. Na uku, mu sa 'ya'yanmu, maza da mata, makarantun jinya. Na'ura kuɗi ke sayenta, amma nas sai ya shekara 3 yana karatu kafin ma ya nemi ƙwarewa.

Allah Ya kiyashe mu da annoba, Ya saka wa masu jinya da alheri.