Ciwon Gaɓar Ƙugu: Wace Allura Ta Fi?

Akwai gaɓar da ta haɗa ƙarshen ƙashin baya da ƙugu. In ta kumbura, sai mutum ya dafa bango kafin ya miƙe daga tabarma.

Likitoci sun saba yi mata allurar sitiroyid. Takan yi kwanaki kafin ta kama, amma sauƙin yakan kai makonni, har watanni. Illarta, tana ɗaga sukari, yawan maimaita ta kuma na raunana ƙashi. Ɗaya allurar kuwa ta ketorolak ce, maganin kumburi ne da ba ruwansa da sukari, sai dai mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ya yi hattara.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin yin allurar. Gaɓar nan tana can ciki, sai da na'urar hoto a asibiti ake samunta daidai, ba a bencin kemis ba.