MAGANIN TANSIYO DA WAHALOLIN DA SHIKE KAWOWA

Wanga shi ne jawabin da kwamitin lahiya na ƙungiyarmu ya yi gaban jama'a ranar taro. An buga shi nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma na gida.

  

Maganar da munka tara ku kanta yau ita ce ta hawan jini, wanda mu duka munka hi sani da tansiyo. Abin da ke damunmu shi ne: mutum shina zuwa likita, a auna shi, a rubuta mishi takarda, iyali su haɗa kuɗi a sai magani. Sati biyu, uku, sai ya aje ƙwayoyin bisa kan garu. In ka tambaye shi, sai ya ce magani bai karɓe shi ba: jiri shike sa shi, ko tari, ko ƙafa ta kumbura. Ba ƙarya shike ba, waɗannan abubuwa suna faruwa. Amma jini ba shi daina hawa don an aje magani. Shina nan shina cin jijiyoyi a ɓoye, har ranar da ɓarin jiki za shi shanye, ko zuciya ta gaji, ko ƙoda ta lalace. Daga nan gona ta rasa mai noma, gida ya samu mai jinya. An guji gara, an tadda zago ke nan.

Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, wadda muke ji ana kira OMS, ta bayyana cikin shekarar 2023 cewa babba 1 cikin 3 a duniya shina da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A likitocinmu ana faɗin awo da lamba biyu. In ya kai 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, kuma an sake aunawa wata rana an tarda haka, to tansiyo ne. Magani ba shi kashe wanga ciwo, riƙe shi shike yi, kamar yadda ake riƙe ingarma da linzami. Don haka ake shan shi kullum, ko mutum na jin lahiya lau.

Za mu ɗauki wahalolin ɗaya bayan ɗaya. Sunayen magunguna mun rubuta su yadda suke bisa kwali, don kowa shi duba nashi.

1. JIRI DA DUHUN GANI

Kusan kowane maganin tansiyo na iya kawo wannan, musamman kwanakin farko ko in an ƙara ƙarhin magani. Dalili: in mutum ya miƙe tsaye, jini na sauka ƙafafu, jijiyoyi su matse su maida shi sama. Magani na sassauta jijiyoyin, sai matsewar ta yi jinkiri, kai shi rasa jini na ɗan lokaci.

Dabara ita ce tashi sannu. In ka farka, zauna bakin gado tukuna, ka motsa ƙafafu, kana ka miƙe kana dafe da garu. Haka nan in za ka ɗago daga sujada, ko daga tsugunno, ko daga duƙen noma. Sannu ba ta hana zuwa. In duhu ya rufe maka ido, zauna ko ka kwanta nan take. Satin farko na sabon magani kada a hau rumbu ko icce, kada mace ta tsaya ita kaɗai bakin rijiya, mai babur kuma shi lura da kanshi kamin shi ɗauki mutum. Mafi yawa jirin na raguwa cikin sati biyu zuwa huɗu. In mutum ya faɗi ko ya suma, a kai shi likita ranan nan, watakila magani ya yi mishi yawa.

2. YAWAN HITSARI DA ƊAURIN JIJIYA

Wannan aikin Hydrochlorothiazide ne, da Indapamide, da Furosémide wanda ake kira Lasilix. Suna hidda gishiri da ruwa ta hanyar hitsari, ta haka suke sauke jini. A sha su da sahe, don kada dare shi ƙare wajen zuwa bayan ɗaki. Kada kuma a rage shan ruwa don gudun hitsari, kuskure ne babba.

Tare da ruwan, wani gishirin jiki mai suna potasiyom na hita. In ya ragu sai sharaɓa ta riƙa ɗaurewa, jiki shi mutu. Wake, dankali, tumatir, ayaba, dabino da ganye suna taimakawa. Amma mai ciwon ƙoda, da mai shan Captopril ko Losartan, su tambayi likita tukuna, don su magungunansu tara potasiyom suke yi. Waɗannan magungunan hitsari kuma suna iya tada wani ciwo wanda babban yatsan ƙafa ke kumbura shi yi zahi kamar wuta. In haka ta faru, a gaya ma likita shi sake magani.

3. BUSASSHEN TARI

Captopril, Enalapril da duk masu ƙarewa da "pril" su ke kawo shi, wajen mutum 1 cikin 10 na masu sha. Tari ne maras majina, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ya hi tsanani da dare. Maganin tari ba shi mishi kome, zuma da citta ma haka. Kada a ɓata kuɗi. Likita na iya maida mutum bisa Losartan ko Amlodipine, tarin shi wuce cikin ƴan satuttuka, wani lokaci shi ɗan hi haka.

Amma a lura. Tarin da ya kai sati biyu da majina, da zazzaɓi, da zufan dare, da rama, wannan kada a ɗora ma magani laihi. A tahi a auna kaki, don tarin huka na nan cikinmu.

Akwai abu guda da ba shi jiran gobe. In leɓe, ko harshe, ko huska sun kumbura ga mai shan waɗannan magunguna, kada shi ƙara haɗiye ko ƙwaya guda, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare. Kumburin na iya toshe numfashi, kuma ya hi samun mu baƙar fata bisa ga Turawa.

4. KUMBURIN ƘAFA

Amlodipine da Nifédipine suna buɗe ƙananan jijiyoyi, sai ruwa shi tsatso wajen idon sawu. Ƙafa biyu ke kumbura da marece, da sahe sun saɓe. Wasu kuma kai na musu ciwo kwanakin farko, huska ta ɗau zahi. A rage doguwar tsayuwa, a riƙa ɗan tattaki, in an zauna a ɗora ƙafa bisa kujera ko buhu. Kada a sayo Lasilix a haɗa da kai, don wanga kumburi ba na yawan ruwa ba ne, ba ta warkar da shi. In takalmi ya daina shiga, likita shi rage ƙarhin magani ko shi haɗa shi da wani.

Kumburin da ke zuwa da haki, mutum ba shi iya kwanciya sai an tada mishi kai, ko huska ta cika da sahe, ko ƙafa guda ta kumbura tana zahi, wannan na iya zama zuciya, ko ƙoda, ko gudan jini. A tahi asibiti.

5. KASALA DA BARCI

Aténolol da Propranolol suna rage gudun zuciya. Mutum shi ji nauyin jiki, tahin hannu shi yi sanyi. Mai ciwon asma shi gaya ma likita tun farko, don suna iya tada mishi ciwo. Mai ciwon sukari shi sani suna ɓoye bugun zuciyar da ke gargaɗin sukari ya sauka. Waɗannan biyu su ne sunka hi hatsari in an yanke su farat ɗaya: zuciya ta zabura, jini shi hau hiye da da. Da sannu likita ke rage su. Méthyldopa, wato Aldomet, shina sa barci da bushewar baki, yawanci kuma shina sauƙi in jiki ya saba.

6. MAGANAR MAZA

Za mu faɗe ta ko da akwai kunya, don ita ce ke sa magidanta da yawa aje magani ba su gaya ma kowa. Wasu magungunan, musamman Aténolol da masu sa hitsari, suna iya rage ƙarhin namiji. Amma tansiyon kanshi, da sukari, da taba, suna lalata jijiyoyin wurin, barin magani ƙara ɓata abin shike yi. Akwai magungunan da ba su cika taɓa wanga ɓangare ba, kamar Losartan da Amlodipine. A keɓe da majo a gaya mishi, ba kai ne na farko da ya kawo mishi wagga magana ba. Ƙwayoyin ƙarin ƙarhi na kasuwa su ma sauke jini suke yi. In sun haɗu da wasu magungunan zuciya, mutum na iya faɗuwa bai tashi ba.

7. MATA MASU CIKI

Captopril, Enalapril da Losartan suna ɓata ƙodar ɗan da ke ciki. Macen da ke shan su, in tana neman haihuwa ko ta ga wata ya wuce ta, ta tahi likita da kwalinta ba jinkiri. Akwai waɗanda ake ba masu ciki, kamar Aldomet da Nifédipine. Mai ciki da kai ke ma sara, ido na ganin walƙiya, huska da hannu sun kumbura, a kai ta gidan haihuwa ranan nan, kamin jijjiga ta kama ta.

8. BAZARA, ZAWO DA AZUMI

Watan Afirilu da na Mayu, daga Tawa har Damagaram zahi na wuce digiri 40. Zufa na hidda ruwa, magani na hiddawa, sai jini shi sauka hiye da kima. A sha ruwa sosai, a nemi inuwa da rana tsaka. Mai shan maganin hitsari ko Captopril ko Losartan, in amai da zawo sun kama shi, shi sha ruwan gishiri da sukari na likita, a kai shi ranan nan. Sau da yawa likita na tsaida maganin kwana ɗaya ko biyu don tsare ƙoda.

Kamin watan azumi shi kama, a tahi da kwalaye a tambayi yadda za a maida lokacin sha, ko bayan buɗa baki ko da sahur. Magani na sau ɗaya a yini ba shi da wuyar shiryawa. Wanda likita ya ce azumi za shi cutar da shi, malamanmu na nan, shi tambaye su hukunci.

9. ABUBUWAN DA KE YAƘI DA MAGANI

In jini ya ƙi sauka, likita ƙara magani shike yi, wahala kuma ta ƙaru. Sau da yawa abin da ya hana shi sauka cikin tukunyarmu shike. OMS ta ce gishirin yini guda kada shi kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da na cikin miya. Dunƙulen magi gishiri ne, kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce, a miya ko a kunu. A rage su sannu sannu, a ƙara tafarnuwa, albasa, citta da daddawa, harshe na sabawa. Taba a bar ta. Goro da shayi mai kauri a yi musu iyaka.

Sai ƙwayoyin masu talla. Diclofénac da Ibuprofène da ake sha don gajiyar gona suna tada jini, suna kuma cin ƙoda. Mai tansiyo shi tsaya ga Paracétamol na haɗiya. Ƙwayoyin ƙiba irin Dexaméthasone da wasu mata ke sha, su ma suna tada jini da sukari. Zoɓo na iya ɗan sauke jini kaɗan in ba a cika mishi sukari ba, amma ba shi maye gurbin magani. Duk wani sassaƙe da mutum ke sha, shi gaya ma likita.

10. ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, kada kowa shi aje magani, ko shi raba ƙwaya, bai shawarci likita ba, in ba kumburin leɓe da harshe da munka faɗa ba. Magungunan tansiyo iri iri ne, in wani bai karɓe ka ba wani na karɓarka.

Na biyu, in an manta sha, kada a ninka gobe.

Na uku, kada a ari maganin maƙwabci. Ƴan'uwanmu da ke Yamai, Kano ko Abijan, in za ku aiko da magani ku aiko da wanda ke rubuce cikin takarda. Masu tahiya bida kuma su tahi da karnensu da guzurin ƙwaya.

Na huɗu, kowane mai tansiyo shi samu ɗa ko jika mai karatu shi riƙa rubuta mishi awonshi da abin da ya ji a jiki, da ranar da ya fara, a kai ma likita.

Na biyar, in baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, ko awo ya kai 18 bisa 12 da ciwon kai mai tsanani, kada a tsaya jiran sahiya. A nemi mota. Wanda bai da hali shi buga ƙofar kowane ɗan kwamiti, ko wane lokaci ne.

Matambayi ba shi ɓata. Wanda ke da tambayar da ba shi so shi yi gaban jama'a, muna nan bayan an watse.  Allah shi ba marasa lahiyarmu sauƙi, shi maida kowa gida lahiya.