Ƙarin Ilmi Daga Nesa Domin Ma'aikatan Shari'ar Yara

Jama'a, yaron da ya shiga hannun hukuma ba kamar babba ba ne. Yana iya amsa laifin da bai yi ba saboda tsoro kawai, kuma dare ɗaya a ɗaki guda da riƙaƙƙun masu laifi ya isa ya ɓata shi.

Saboda haka Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Ta kafa Kotun Iyali, ta hana bayyana sunan yaro, ta ce kada a tsare shi sai in babu wata hanya. Ta kuma bukaci a ba masu wannan aiki horo na musamman.

To, majistare ko ɗan sanda ko jami'in jin daɗin jama'a ba shi da halin barin aiki ya koma makaranta. A nan ne karatu daga nesa yake da amfani. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka sake buɗewa a 2002, tana koyar da ilmin nazarin laifuffuka a matakin gaba da digirin farko. Ɗalibi yana karatu a gida, ya je cibiyar jami'ar ya rubuta jarrabawa.

Ana kira ga ma'aikata masu digiri su nemi shiga, shugabanninsu kuma su ba su lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai a hannun gwani.