Karin Harshe Ba Jahilci Ba Ne

Wannan shi ne jawabin da wani malamin harshen Hausa ya yi wa malaman azuzuwan yaƙi da jahilci, a wajen wani taronsu na ƙara wa juna sani.

Bayan sallama da godiya, malamin ya fara da labarin wani dattijo Basakkwace, mai sayar da goro, wanda ya shiga ajin manya a wani ƙauye na ƙasar Kano. Wata rana aka rubuta “farin doki” a allo, aka ce ya karanta. Dattijo ya karanta daidai, amma da bakin garinsu, ya ce “hwarin doki”. Aji ya fashe da dariya, har da malamin ajin. Tun daga ranar dattijon bai sake komawa ba.

Mai jawabin ya ce wannan dattijo bai yi kuskure ba. Ya gane baƙaƙe, ya haɗa su da wasula, ya kuma fahimci ma'ana, ai karatun ke nan. Wanda ya yi kuskure shi ne malamin da ya yi dariya, domin ya kori magidanci daga ilimi a kan abin da ba laifi ba ne.

Hausa ɗaya ce, baki ne daban-daban

Ya bayyana cewa kowane babban harshe yana da kare-kare, wato yadda mutanen kowane yanki suke furta shi. A Hausa akwai Kananci, Katsinanci, Sakkwatanci, Zazzaganci, Dauranci, Bausanci da Guddiranci. A Jamhuriyar Nijar kuma akwai irin su Damagaranci da Gobiranci.

Daga nan ya kawo misalai. Bakano ya ce “zauna”, Bakatsine ya ce “zamna”. Bakano ya ce “sauka”, mutumin yamma ya ce “sabka”. Inda Bakano zai ce “mota ce”, Basakkwace “mota ta” zai ce, Bazazzagi kuwa yana iya cewa “mota ne”. Mutumin Bauchi yakan ce “na sayi riga wa Audu”, maimakon “na saya wa Audu riga”. A Nijar, inda aka yi mulkin Faransa, ana ce wa makarantar boko “lakwal”, malaminta kuma “mushe”. Da ya faɗi haka sai jama'a suka yi dariya, ya ce to kun ji, kalmar girmamawa ce a can, ba mushen dabba ake nufi ba.

Ya ce duk da wannan bambanci, mutanen nan suna haɗuwa a kasuwa su yi ciniki ba tare da tafinta ba. Saboda haka babu wanda ya fi wani zama Bahaushe.

Yadda aka samu Hausar littafi

Malamin ya ce Hausar da ake gani a littafi, wadda ake kira daidaitacciyar Hausa, mutane ne suka zauna suka tsara ta. A shekarar 1912 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. A 1934 aka buga babban ƙamus na Bargery, wanda ya tattara kalmomin garuruwa da yawa. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa. Daga baya masana sun yi taro a Bamako a 1966, da kuma Yamai a 1980, don a daidaita rubutun tsakanin ƙasashe.

An ɗora wannan Hausa ne galibi a kan Kananci, amma ko Bakano ba ya magana daidai da littafi. Amfaninta shi ne wasiƙar da aka rubuta a Azare a karanta ta a Birnin Kebbi ba tare da ruɗani ba. Takardar maganin feshi ko ta asibiti ma kowa ya fahimce ta iri ɗaya. Don haka ya shawarci malamai su riƙa ce wa ɗalibi: “Yadda ka faɗa daidai ne a garinku, amma ga yadda ake rubutawa.”

Koyon baƙon harshe

Sai ya juya ga masu son koyon Ingilishi, Larabci ko Faransanci. Ya ce akwai hanyoyi uku da aka fi sani. Ta farko ita ce haddar nahawu da fassara. Mai bin ta yakan iya karatu, amma bakinsa yakan yi nauyi wajen magana. Ta biyu ita ce a hana ɗalibi harshensa sam a cikin aji. Wannan takan yi wa yara amfani in malami ƙwararre ne, amma babban mutum yakan ji kunya ya yi shiru. Ta uku ita ce a fara da maganar da mutum yake bukata yau da gobe, kamar gaisuwa, tambayar farashi da bayani gaban likita, ana taimakawa da harshen gida in an cije. Ya ce ita ce ta fi dacewa da manya.

Ya tunatar da cewa malaman allo sun daɗe da sanin wannan dabara. Sun raɗa wa haruffan Larabci sunayen Hausa, kamar alu da ambaki, suka fara da babbaƙu sannan farfaru. Wato sun bi da yaro daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba.

Ya ƙara da cewa kowane harshe yana barin alama a bakin mai shi. Hausa ba ta raba sautin “p” da “f”, shi ya sa suke rikita Bahaushe a Ingilishi. Haka kuma Bahaushe yakan saka wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa muka samu burodi da fulawa. Maganin wannan shi ne yawan saurare da maimaitawa, ba ba'a ba. Su kansu mutanen Ingila da na Amurka ba baki ɗaya suke magana ba, haka Larabcin Masar da na Maroko.

A ƙarshe ya roƙi malamai abu uku. Kada su yi wa ɗalibi dariya, kada kuma su bari a yi masa. Su tabbata ya iya karatu da rubutu da harshensa kafin ya shiga wani. Su gyara abin da zai ɓata ma'ana, su ƙyale abin da karin gari ne kawai. Ga ɗalibai kuma ya ce, mai tambaya ba ya ɓata, kowa ya koma aji da bakin da Allah ya ba shi.