Saiwar Sin da Zuciyar Mai Ciwon Daji

Daga Gumel, Gagarawa har Sule Tankarkar, iyalai na kai marasa lafiyarsu Asibitin Malam Aminu Kano karɓar maganin ciwon daji. Ciki akwai doxorubicin, jan ruwan nan da ake ɗurawa ta jijiya. Yana yaƙar cutar, amma in ya taru a jiki yakan raunana zuciya.

A ƙasar Sin ana binciken saiwar danshen don kare zuciya. Sai dai danshen na ƙara wa warfarin, maganin hana daskarewar jini, ƙarfi, jini ya ƙi tsayawa.

Saboda haka, don Allah, ƙullin maganin da aka sayo ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ko kwalba mai rubutun Sinanci, a nuna wa likita kafin mara lafiya ya sha.