Sassaben Zamani: Jawabin Wani Manomi a Taron Jubili a Maradi

 An ce in yi magana a kan aikin gona. Ni kuwa ba malami ba ne, manomi ne, saboda haka abin da idona ya gani a ƙasar Maradi shi zan faɗa.

Sa'ad da mu ke yara, an koya mana manomin kirki shi ne mai gona fes. Kafin damina sai a yi sassabe, a sare kalgo da sabara har ƙasa, a tara a ƙone. Wanda ya bar tsiro a gonarsa, rago a ke ce da shi. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Bisa ga dokar wancan zamani itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. In ya girma ka sare shi ba takarda, tara ce. To, wa zai yi kiwon abin da zai jawo masa tara? Gwamma a kau da shi tun yana ƙarami.

Bayan farin 1973 muka ga sakamakon. Ƙasa ta zama tsirara. Ka shuka gero ya tsiro, iska ta taso da rairayi ta binne shi. Ka sake shuka, wani lokaci har sau uku, iri ya ƙare a rumbu. Iyayenmu mata su kan yi tafiyar wuni neman itacen wuta. In ba su samu ba, sai su ƙone kara da kashin shanu, watau abincin da ya kamata ƙasa ta ci shi muka sa a murhu.

An yi ƙoƙarin dashe. Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya zo aiki tare da mishan ta SIM a farkon shekarun 1980, ya yi ta renon 'ya'yan itatuwa yana kaiwa ƙauyuka. Galibinsu suka mutu, gama abin da rani ya bari gara ta ci, abin da gara ta bari awaki suka ƙarasa. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Sai ya dubi ɗan tsiron nan da mu ke sarewa kowace shekara, ya lura da ganyensa, ya gane ashe itace ne sosai wanda aka sare, kututturensa da saiwarsa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, suna tofo. Saiwar nan kuwa ta riga ta yi nisa tana shan ruwa inda dashe ba zai kai ba sai bayan shekaru.

Aikin ba wuya. Ka zaɓi kututture, ka bar masa tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka yanke sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu. Addarka ta zama da kaifi, ka sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage. Bayan 'yan watanni ka komo ka sake. Wannan shi mu ke kira sassaben zamani.

Yanzu bari in faɗi abin da ba shi da daɗin ji a ranar murna. Ba mu karɓe shi da hannu biyu ba. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, da dare kuma aka sace musu itacen. A yunwar 1984 aka ba da hatsi a bakin aiki, da sharaɗin mutum ya bar itatuwa a gonarsa. Muka bari, domin ciki. Da aka daina rabon hatsi, yawancinmu muka ɗauki gatari muka sare su, har da ni da ke tsaye gabanku. Amma waɗansu kaɗan ba su sare ba. Su ne muka zuba wa ido shekara da shekaru. Geronsu bai lalace ba kamar yadda muka tsorata. Iska ta rage musu ɓarna, ganye ya zuba ya zama taki, dabbobi suka kwanta a inuwa suka bar kashinsu a wurin. Matansu suka daina tafiyar wuni, har suna sayar da itace a kasuwa. Ba wanda ya ƙara yi mana huɗuba. Gonar maƙwabci ce ta juyo da mu.

Gawo kuwa kun san shi. Da damina ya kan zubar da ganyensa, bai tare wa gero rana ba. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da tumaki lokacin da ciyawa ta ƙare. Kakanninmu sun san darajarsa, mu ne muka manta.

Bayan shekara ashirin masana suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, na dā da na sabo, suka lissafta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman jihohin Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, mai haƙa ramukan shuka irin waɗanda a ke kira tassa a ƙasar Tawa. A 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi hakki a kan itacen da ya rena.

Amma kada mu yi barci. A fari mai tsanani itace ba ya cika rumbu. Abin da ya kan yi shi ne ya ba ka abin sayarwa ka sayi hatsi, kada ka sayar da akuyarka ta ƙarshe. Gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, gari yana neman itacen wuta, masu saran dare ba su ƙare ba. Mutum ɗaya ba ya iya tsaron gonarsa dare da rana. Inda abin ya tsaya da ƙafarsa, gari ne ya zauna, da mai gari, da mata, da makiyaya, suka sa doka tasu: wa zai sassaɓe reshe, yaushe, me za a yi wa wanda aka kama. Kada ku bar makiyaya a waje, gama shanunsu ne ke kawo takin.

Samari, gobe da sassafe kafin baƙi su watse za mu fita gonar da ke bayan gari. Kowa ya zo da addarsa a wase.