Ciwon hanta: mara lafiyar da dare ya zamar masa rana

Jawabi domin cibiyoyin yaƙi da jahilci. A karanta shi cikin taro, maza da mata su ji.

 

Yau zancen hanta za mu yi, da zancen barci. Wani zai ce ina ruwan hanta da barci, hanta tana ciki, barci yana ido? To, ku saurara.

A garuruwanmu ba a rasa mutumin da ya daɗe yana jinya. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu sun kumbura, hannuwa sun rame. Mu a gida shawara muke cewa. Ana nan sai a ga wani sabon abu. Dare ya yi, kowa ya kwanta, shi idonsa biyu. Ya juya nan, ya juya can, har zakara ya yi cara. Gari ya waye, sai barci. Ana hira da shi yana gyangyaɗi. A ba shi ƙwaryar hura, barci ya ɗauke shi tana hannunsa.

Nan mutane suke rabuwa. Wannan ya ce ragwanci ne. Wancan ya ce tunanin duniya ne. Wata tsohuwa ta ce iskoki ne, ko an yi masa sammu. Ɗansa kuma, don tausayi, ya je kasuwa ya sayo ƙwayar barci. A cikin su duka, mai tausayin nan shi ne zai fi yin ɓarna. Za mu ga dalili.

Aikin hanta

Kowa ya ga hantar rago ranar layya: ja ce, mai laushi, mai santsi. Ta mutum ma haka take. Tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta wajen kilo 1 da rabi ga babban mutum. Duk abin da muka ci, in hanji ya tsotse shi ya shiga jini, sai ya bi ta hanta kafin ya zagaya jiki. Ita ce rariya, ita ce kuma rumbu. Tana tace dafi, tana ajiye sukari domin lokacin yunwa.

In ciwo ya daɗe yana cin hanta, shekara da shekaru, sai tabo ya hau kan tabo. Ta yi tauri, ta yi gudaji-gudaji, ta ƙanƙance. Likitoci suna ce wa wannan siroz. Mu ce taurin hanta.

A ƙasashenmu babban mai kawo shi wata ƙwayar cuta ce, ciwon hanta mai lamba B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. Akwai kuma mai lamba C. Akwai giya. Akwai kitse da ke taruwa a hanta ga masu ƙiba da masu ciwon sukari. Saboda haka kada a ga mai taurin hanta a ce mashayi ne. Da yawa tun suna goye suka kamu, ba su taɓa sanin warin giya ba.

Me ya sa barci yake juyewa?

Ba yau aka gane abin ba. Tun 1954 wata lokotoro ta Ingila, Sheila Sherlock, ta bayyana cewa juyewar barci yana cikin alamun farko da ke nuna dafin hanta ya taɓa ƙwaƙwalwa. A 1998 kuma wasu likitoci a Cikago ta Amurka suka tambayi masu taurin hanta yadda suke kwana. Kusan rabinsu suka ce barcinsu ba shi da daɗi. Cikin masu lafiya kuwa, waɗanda suka faɗi haka ba su kai 5 cikin 100 ba.

Ga yadda abin yake. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Da duhu ya shiga sai ta zuba wani sinadari cikin jini, sunansa melatonin. Shi ne mai shelar dare. Shi yake gaya wa jiki lokacin kwanciya ya yi. Da safe kuma hanta ce take share shi daga jini. Hantar da ta yi tauri ba ta sharewa da wuri. Sai rana ta fito mai shela yana nan yana cewa dare ne. Da dare kuma sai ya makara. Agogon jikin mara lafiya ya koma baya ke nan.

Ban da wannan akwai ƙananan abubuwa masu hana sakat. Ruwan da ya cika ciki yana tokare numfashi in an kwanta. Ƙaiƙayin fata ya fi tsanani da dare. Jijiyar ƙafa tana ɗaurewa ta tashe shi. Maganin rage ruwa, in an sha shi da yamma, sai a kwana fita fitsari. Wannan rashin barci yana gajiyar da mutum, amma ba kullum yake nufin haɗari ba.

Wanda ake tsoro shi ne barcin rana mai nauyi. A nan zan ɗan tsaya.

Wanda ya shiga garken dabbobi da sassafe ya san warin nan na tsohon fitsari mai hawa hanci. Amoniya ke nan. Irinta ake samu cikin hanjin kowa, daga ragowar abinci. Hanta mai lafiya tana kama ta, ta mayar da ita ure. E, ure ɗin nan dai, irin farin takin zamani da muke zuba wa hatsi. Daga nan ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari. Amma in hanta ta toshe, jini yana yin abin da ruwan ƙorama yake yi in ya tarar da shinge: sai ya nemi wata hanya. Ya kewaye hanta, ya wuce da dafinsa har ƙwaƙwalwa.

Abin yana zuwa sannu-sannu. Farko barci ya juye. Sai mantuwa. Mutum mai haƙuri ya koma mai faɗa, ko mai surutu ya yi shiru. Ya kasa ƙirga kuɗin da ya saba ƙirgawa. Ya rikita raka'o'in salla. Daga baya bai san ranar da ake ciki ba, bai gane ƴaƴansa ba. In an bari, sai barcin da ba a iya tashinsa.

Ku riƙe wannan: ruɗewar nan ba hauka ba ce, kuma tana da magani. Mutum yana iya dawowa cikin hankalinsa sarai in an kai shi da wuri.

Ƙwayar barci

Yanzu mu koma ga yaron da ya sayo magani a kasuwa. Kusan duk maganin barci hanta ce take narkar da shi. Mai lafiya ya sha diyazefam, wato Valium, ya kwana ya tashi. Mai taurin hanta ya sha ƙwaya guda, sai ta zauna cikin jininsa, ta haɗu da dafin da yake can. Ƙwaya ɗaya tana iya kai shi suma. Tramol ma haka. Giya kuwa ba a ma zancenta.

Magungunan ciwon jiki, irin su diklofenak da ibufurofen da asfirin, su ma a nisance su. Suna taɓa ƙoda, suna kuma jawo zubar jini a ciki. Ko farasetamol sai lokotoro ya faɗi adadin da za a sha.

Mai yawo da magani a faranti ko bisa keke bai san hantar kowa ba. Ciniki ya fito yi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuma, na san iyayenmu da kyakkyawar niyya suke haɗawa, amma babu wanda ya auna ƙarfinsu, kuma duk ta hanta za su bi. Jakin da ya durƙusa ba a ƙara masa kaya. Addu'a kam a yi ta, dare da rana, a haɗa da zuwa gidan likita.

A gidan likita maganin da aka fi bayarwa wani ruwa ne mai zaƙi, sunansa laktuloz. Ba maganin barci ba ne. Yana sa bayan gida ya yi laushi, dafin ya fita kafin ya shiga jini. Abin da ake so shi ne mara lafiya ya zagaya sau 2 ko 3 a yini, da laushi, ba zawo ba. Wasu suna ganin haka sai su daina sha, su ce maganin ya ɓata musu ciki. Aikinsa ke nan. In ya yi yawa a koma a faɗa, a rage. Mai taurin hanta da ya kwana biyu bai zagaya ba yana bakin haɗari.

Abin da gida zai iya

Da hantsi a fito da shi waje, ya ga hasken rana, ko da a inuwar bishiya ne. Hasken safe shi ne yake gyara agogon jiki. Ɗaki mai duhu yini guda yana ƙara rikita shi. In yana iya tafiya, ya taka kaɗan. In zai yi ƙailula ta zama gajeriya.

Shayi da goro da kafe a bar su ga safiya. Na san wannan da wuya, don hirar dare a wurinmu ba ta yi sai da butar shayi bisa gawayi. Amma abokan da suka zo gaisuwa bayan isha, kofi na ɗaya, na biyu, na uku, su za su tafi su yi barci, shi su bar shi da ido biyu. Salula da radiyo ma a kashe in lokacin kwanciya ya yi.

Kada ya kwana da yunwa. Mun ce hanta rumbu ce. Ta mai ciwon nan rumbun ya ƙanƙance. Dare ɗaya ba ci, a jikinsa kamar mai lafiya ya yi kwana 2 ko 3 bai ci ba. Sai jiki ya koma cin naman kansa, shi ya sa hannuwa suke ramewa. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da wani abu kafin kwanciya: kunu, ko hura da nono mai tsabta. Da can ana hana masu ciwon nan nama da ƙwai da wake. Likitoci sun bar wannan. Wake da nono suna da amfani gare shi. Abin ragewa in ciki ya tara ruwa shi ne gishiri, da kanwa, da dunƙulen Maggi. Zancen azumi kuwa, wanda cikinsa ya kumbura ko ya taɓa ruɗewa ya tambayi lokotoro tun watan bai kama ba. Malamanmu sun san sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya.

Maganin rage ruwa a tambaya ko za a sha shi da safe. A ɗaga masa kai da ƙirji da matashi. A ɗaura sange. A yanke masa farce saboda susa, a shafa man kaɗe.

Kaye da alƙalami

Ga wani aiki da ku ɗalibai kuka fi kowa iyawa. Dafin nan yana bayyana a rubutu tun kafin ya bayyana a magana. Ku samu kaye guda. Kowace safiya mara lafiya ya rubuta sunansa da sunan garinsu da ranar da ake ciki, layi ɗaya ƙarƙashin na jiya. In bai iya boko ba ya rubuta da ajami. In bai iya ko ɗaya ba ya zana tauraro mai tsini 5. Ranar da kuka ga baƙaƙen sun karkace, sun hau juna, ko ya tsallake wasu, ku san akwai magana.

A gefen layin ku rubuta sau nawa ya zagaya jiya, da yadda ya kwana. Sannan ku ce ya miƙe hannuwansa gaba, ya ɗaga tafuka kamar mai tsayar da mota. In tafukan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu, alama ce. Ku tafi da kayen nan gidan likita. Lokotoro zai karanta a ciki abin da baki zai manta.

Akwai alamun da ba a jiran ranar kasuwa a samu mota. Aman jini. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Zazzaɓi tare da ciwon ciki. Mutum bai gane na kusa da shi ba, ko ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Ko da tsakar dare ne a ɗaura amalanke. A kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, zai shaƙe. Gidan likita na kusa za a fara zuwa. In abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ku asibitin gunduma, ko Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Sauran mutanen gida

In awon jini ya nuna lamba B ce, matarsa da ƴaƴansa da waɗanda suke ciki ɗaya da shi su ma su je awo. Mutum yana ɗauke da ita shekaru bai ji komai ba. Akwai ƙwaya, tenofobir, guda ɗaya a yini, tana danne cutar ga wanda lokotoro ya ga ya kamata ya sha. Tun 2008 rigakafin cutar yana cikin allurar jarirai a Nijar, wadda ake yi a sati 6 da 10 da 14. Mata, a cika ukun. Mai juna biyu ta nemi a auna ta tun wajen awon ciki.

Cutar tana bin jini, da haihuwa, da kwanciyar aure. Aska ɗaya ko reza ɗaya ga mutum da yawa, a daina. Amma ba ta bin ƙwarya, ba ta bin gaisuwa. Kada a ware masa akushi, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki. A samu mai kwana kusa da shi, a riƙa karɓa-karɓa, don mai jinya ita ma tana bukatar barci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.